Na samu aiki a Jubail: me ya kamata in kammala a Kaduna kafin in tashi, kuma ya zan yi da iyali?

Baban Khalil, Unguwar Dosa

Assalamu alaikum wa rahmatullah. 'Yan'uwa, ina neman shawarar waɗanda suka san zaman Saudiyya ta fuskar aiki, ba ta fuskar Hajji ko Umara ba. Ni injiniyan lantarki ne, na yi digirina a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, kuma na daɗe ina aiki da wani kamfani a nan Kaduna. A watan jiya wani kamfani mai kula da na'urori a birnin masana'antu na Jubail ya tattauna da ni ta intanet, daga baya ya aiko mini da takardar tayin aiki na shekara biyu. Takardar ta ambaci jimillar abin da za a riƙa biyana kowane wata da riyal, ta ce akwai inshorar lafiya da tikitin jirgi, amma ba ta ce komai game da iyali ba.

Ina da mata da 'ya'ya uku, babbansu yana aji biyar na firamare, kuma mahaifiyata tana zaune tare da mu. Gidan da muke ciki nawa ne, sannan ina da fuloti a wajen Rigachikun wanda ban fara ginawa ba. Abin da nake so in sani shi ne waɗanne takardu ya wajaba in haɗa tun ina gida, ko ya fi dacewa mu tafi gaba ɗaya ko in fara yin gaba ni kaɗai, da kuma ko hikima ce in sayar da fulotin domin in samu abin kama haya da sayen kayan gida a can. Allah ya saka wa duk wanda ya ba da lokacinsa da alheri.

Injiniya Mai Dammam

Wa alaikumus salam. Injiniya, Allah ya sanya albarka a cikin wannan buɗi. Kafin a zo kan maganar iyali da fuloti, ina so ka riƙe cewa takardar da ke hannunka tayi ce kawai, ba ita ce kwantiragi ba, saboda haka kada ka ajiye aikinka na Kaduna a kanta. Kwantiragin da hukuma ke aiki da shi a nan shi ne wanda aka yi wa rajista a manhajar Qiwa ta ma'aikatar ƙwadago, kuma idan aka rubuta shi da Larabci da Turanci sannan aka samu saɓani tsakanin biyun, na Larabcin kotu take bi. Kaduna ba ta rasa malaman da suka ƙware a Larabci ba, don haka ka nemi su aiko maka da cikakken rubutun, ka zauna da wani ya karanta maka shi sashe bayan sashe.

Jimillar kuɗin da suka rubuta ba ta isa a yanke shawara a kanta ba. Ka ce su rarrabe maka ainihin albashi, da kuɗin gida, da kuɗin sufuri. A al'adar kamfanonin nan kuɗin gida yakan kama kusan kashi 25 cikin 100 na ainihin albashi, na sufuri kuma kusan kashi 10, wasu kuwa masauki suke bayarwa a madadin kuɗi, wanda sau da yawa ɗaki ne a rukunin gidajen ma'aikata da ba a zama da mace a ciki. Ba a cire harajin albashi a Saudiyya, amma tun watan Yulin 2020 harajin sayen kaya ya koma kashi 15 cikin 100, kuma za ka ji shi a kusan duk abin da ka saya. Riyal a ɗaure yake da dala, riyal 3.75 a kan dala ɗaya, don haka da dala za ka yi lissafinka, ba da farashin naira na ranar da ka karanta takardar ba.

Akwai sassa uku na dokar ƙwadago da nake ganin kowane baƙo ya kamata ya sani tun bai hau jirgi ba. Lokacin gwaji ba ya wuce kwana 180, kuma a cikinsa ana iya sallamar mutum ba tare da diyya ba, wanda shi kaɗai ya isa dalilin da zai hana ka kwaso iyali a watan farko. Sannan kwantiragin baƙo koyaushe mai wa'adi ne, kuma wanda ya karya shi kafin wa'adin ba tare da dalilin da doka ta yarda da shi ba, ana iya bin sa kuɗin watannin da suka rage, sai dai idan an rubuta wani adadi na daban. Na uku shi ne kuɗin sallama: rabin albashin wata ga kowace shekara a biyar na farko, cikakken albashin wata ga kowace shekara bayan haka, amma wanda ya ajiye aiki da kansa kafin ya cika shekara biyu ba ya samun ko sisi. Hutun shekara kwana 21 ne, yana komawa 30 bayan shekara biyar.

Kuɗin biza, da na iƙama (wato katin izinin zama a ƙasar), da na izinin aiki, da sabunta su, da tikitin komawa gida idan aiki ya ƙare, duk doka ta ɗora su a kan kamfani. Idan wani ejan ya ce ka biya shi miliyoyi domin a fitar maka da bizar aiki, ko ya ce ka shigo da bizar Umara ko ta ziyara daga baya a mayar da ita ta aiki, ka janye jikinka. Da yawa daga cikin mutanenmu da ake tsarewa a Shumaisi, cibiyar tsare baƙi da ke tsakanin Jidda da Makka, kafin a dawo da su gida ta wannan ƙofa suka shigo.

A ɓangaren takardu kuwa, abin da ya fi cinye wa mutanenmu lokaci shi ne bambancin suna. Mutum ɗaya sai ka ga Muhammad a takardar digiri, Mohammed a lambar NIN, ga sunan gari an ƙara a fasfo alhali babu shi a sauran. Ka jera takardunka duka a kan tebur yau, ka daidaita abin da ya saɓa kafin ka kai su ko'ina. Bayan haka takardar digiri za ta bi ta Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya, ta wuce Ma'aikatar Harkokin Waje a Abuja, sannan ta je ofishin jakadancin Saudiyya, wanda ke Abuja kuma yana da ƙaramin ofishi a Kano. Jirgin ƙasa daga Rigasa zuwa Idu zai rage maka wahalar zirga-zirgar. Ka karɓi wasiƙun shaidar ƙwarewa daga wuraren da ka yi aiki, masu ɗauke da ranar farawa da ranar gamawa, domin sai ka yi rajista da majalisar injiniyoyin Saudiyya kafin a ba ka iƙama da sunan injiniya, kuma suna duba shekarun aiki. Gwajin lafiya ba a kowane asibiti ake yin sa ba, sai wanda suka amince da shi. Idan fasfonka ya kusa ƙarewa, ka yi mai shafi 64 na shekara goma.

Da ka sauka, kamfani yana da kwana 90 ya fitar maka da iƙama, kuma kafin ta fito da wuya ka iya buɗe asusun banki ko kama haya da sunanka, saboda haka ka zo da abin da zai riƙe ka na wata biyu. Fasfonka naka ne, doka ta hana kamfani riƙe shi. Tun watan Maris na 2021 an sassauta tsarin kafili, wanda ke ɗaure zaman baƙo da wanda ya ɗauke shi aiki, ga ma'aikatan kamfanoni, ta yadda mutum zai iya neman bizar fita da dawowa da kansa ta manhajar Absher, ya kuma sauya wurin aiki bayan shekara ɗaya bisa wasu sharuɗɗa, ko da yake sassaucin bai haɗa da masu aikin gida da direbobin gida ba.

Maman Ilham, Riyad

Baban Khalil, sannu da ƙoƙari, a gaishe mini da Maman Khalil da Hajiya mahaifiyarka. Na yarda da Injiniya cewa kai kaɗai za ka fara zuwa, domin ko ka so ku taho tare ba zai yiwu ba, sai iƙamarka ta fito sannan za ka iya neman bizar zaman iyali. Inda nake so in ja hankalinka shi ne kada wannan rabuwa ta zama abin da ba a sa wa rana ba. Na san gidaje da dama da maigida ya ce wata shida, shekara ta zagayo har sau uku matar tana Kaduna ita kaɗai da yara, ba don mugunta ba, sai don tun farko ba a yi lissafi ba.

Ga lissafin. Tun watan Yulin 2017 gwamnati ta sanya kuɗi a kan kowane mutum da ke zaune a ƙarƙashin iƙamar baƙo. An fara da riyal 100 a wata, ana ƙara 100 kowace shekara har ya tsaya a 400 a 2020. Mata da 'ya'ya uku ke nan riyal 1,600 a wata, wato 19,200 a shekara, sama da dala 5,000, kuma biyan gaba ake yi kafin a sabunta iƙama. Doka ba ta tilasta wa kamfani ya biya maka wannan ba, don haka yanzu ne lokacin da za ka tambaye su ko kwantiragin na mai iyali ne, ko ya ƙunshi wannan kuɗi, da tikitin iyali, da kuɗin makaranta. Idan sun ce a'a, ka cire 1,600 daga albashin, ka cire hayar gida mai ɗaki biyu, wadda galibi ta shekara ko ta wata shida ake biya ta Ejar, tsarin gwamnati na rajistar haya, sannan ka duba abin da ya saura.

Makaranta ita ce babbar magana. Makarantun gwamnati da Larabci suke koyarwa, kuma yaron da ya kai aji biyar da Turanci zai sha wuya kafin ya kama, su kuwa makarantun ƙasashen waje masu Turanci da kuɗi mai nauyi ake shiga. Shekarar karatu tana farawa ne a ƙarshen watan Agusta, saboda haka idan za su zo, gara a daidaita zuwan da wannan lokaci, Khalil ma ya samu ya ƙarasa ajinsa a gida. Tun kana nan ka haɗa takardun haihuwar yaran na Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, ba na asibiti ba, da katin rigakafinsu, da sakamakon jarrabawarsu mai hatimin makaranta, da fasfon kowane ɗaya. Takardar shaidar aure ma dole ce, kuma tunda yawancinmu a ƙofar gida ko a masallaci aka ɗaura mana aure ba tare da rubutu ba, ka je kotun shari'a ko ofishin rajistar aure ka karɓa, a fassara ta da Larabci, a buga mata hatimin Ma'aikatar Harkokin Waje kamar sauran.

Ita ma Maman Khalil a gaya mata gaskiyar zaman. Mai iƙamar zaman iyali ba ta aiki ko sana'a sai da izini na daban, kuma babu irin shiga maƙwabta da zuwa biki da suna da aka saba. Zafin gabashin ƙasar mai gumi ne saboda teku, har gwamnati tana hana aiki a rana daga ƙarfe 12 zuwa 3 tsakanin 15 ga Yuni da 15 ga Satumba. Kada kuma 'yan'uwa su ɗauka kullum a Harami za ku riƙa sallar Juma'a, domin daga Jubail zuwa Makka ya haura kilomita 1,200, kuma mazaunin ƙasar ma ba ya Hajji sai da izini, sau ɗaya a shekara biyar. Yaron da aka haifa a nan ba ya zama ɗan ƙasa. Ita kuwa Hajiya, abin da ya fi sauƙi shi ne bizar ziyarar iyali, ta zo ta yi Umara ta kwana biyu tare da ku ta koma.

Barista na Kawo

Baban Khalil, ni ban taɓa zama a Saudiyya ba, saboda haka zan tsaya a kan abin da za ka bari a baya, wanda shi ne yake kawo mana mutane ofis bayan shekara biyu ko uku. Shawarata ita ce kada ka sayar da fulotin. Zaman da za ka yi a can a rataye yake da aikinka, ranar da kwantiragi ya ƙare ba a sabunta ba aka buga maka bizar fita ta ƙarshe, kwana 60 kake da su ka bar ƙasar. Tun 2011 kuma suna da tsarin Nitaqat da ke tilasta wa kamfanoni ɗaukar 'yan ƙasa, kuma ana ta faɗaɗa shi zuwa sana'o'in ƙwararru har da injiniyanci. Bai dace mutum ya sayar da ƙasa ya sayi katifa da firji a garin da ba a yi masa alkawarin zama ba. Idan kuɗin farawa ne matsalar, ka nemi kamfanin ya ba ka wani abu daga kuɗin gida tun farko, ko ka sayar da mota idan ba za a yi amfani da ita ba.

Abin da fulotin yake buƙata shi ne takarda da katanga. Ka je KADGIS, hukumar kula da takardun filaye ta Jihar Kaduna, ka tabbatar da matsayin takardar mallakarsa da ta gidan da kuke ciki, ka biya kuɗin ƙasa da ake binka, ka kewaye shi ko da da bulo layi uku ne, domin filin da aka san mai shi ba ya gari shi ne aka fi yi wa cin iyaka. Wanda zai kula maka da dukiya kuwa, ko da ɗan'uwanka ne uwa ɗaya uba ɗaya, ka ba shi takardar wakilci a rubuce wadda ta fayyace abin da zai iya yi, kamar karɓar haya da biyan haraji, ta kuma faɗi ƙarara cewa ba shi da ikon sayarwa ko jinginarwa. Wannan kariya ce gare shi ma, ranar da wani a dangi zai tambaye shi ina kuɗi suka shiga. Takardun asali ka ajiye su a wuri guda amintacce, ka tafi da hotunansu a waya.

Layin wayar da ke haɗe da BVN da asusunka kada ka bari ya mutu, domin layin da ya daɗe ba a amfani da shi kamfani yana sake sayar da shi, sai saƙonnin bankinka su koma hannun wanda ba ka sani ba. Ka tafi da shi, ka riƙa sa masa kati. Asusun da ya shekara ba a taɓa shi ba banki yana ɗaukarsa a matsayin wanda ya yi barci, kuma farfaɗo da shi daga waje aiki ne. Kuɗin fanshonka yana nan a asusunka na ritaya ko ka bar aiki, sai dai ka sabunta bayananka da sunan magajinka a wurin kamfanin fanshon kafin ka tafi. Wurin aikinka na yanzu ka ba su sanarwa yadda ƙa'ida ta ce, ka karɓi takardar sallama, ku rabu lafiya, kuma kada ka yi hakan sai biza ta shiga fasfo.

Ka rubuta bashin da ake binka da wanda kake bi, da shaidu, ka rubuta wasiyya. Ka tara 'yan'uwanka a gaban Hajiya a tsayar da wanda zai riƙa kai ta asibiti da inda za ta zauna idan iyalinka sun bi ka, da adadin da za ka riƙa aikowa, domin da zarar an ji kana karɓar riyal buƙatu za su ninka, kuma ƙa'idar da aka kafa tun kana gida ta fi sauƙin riƙewa.

Alhaji Mai Jigila, Tudun Wada

Ɗana, manya sun gama magana, ni jaka kawai zan taɓa. Kada ka karɓi saƙon kowa, ko na surukinka ne, sai an buɗe shi a gabanka. Hukuncin safarar ƙwaya a Saudiyya yana kaiwa ga kisa, kuma ba mu manta da ɗalibar nan da aka kama a Madina a watan Disamban 2018 ba, bayan an liƙa sunanta a jakar da ba tata ba mai ɗauke da Tramadol, wadda sai a ƙarshen Afrilun 2019 aka sake ta. Ka ƙirga jakunkunanka, ka ɗauki hotonsu, ka duba cewa lambobin da aka manna a tikitinka sun yi daidai da yawansu. Goro haramtacce ne a can, kowace shekara hukumar alhazai ta ƙasa, NAHCON, tana gargaɗin alhazai a kansa. Maganin da likita ya ɗora ka a kai ka tafi da shi a kwalinsa tare da takardar likitan, garin maganin gargajiya da layu kuwa ka bar su a gida. Ka riƙe katin rigakafin shawara, wanda allura ɗaya ta isa har ƙarshen rayuwa. Kuɗin da ya haura dala 10,000 sai an bayyana shi ga kwastan kafin a fita da shi daga Najeriya.

Baban Khalil, Unguwar Dosa

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara girma, Baba Alhaji, Barista, Hajiya Maman Ilham da Injiniya. Na fasa sayar da fulotin. Na rubuta wa kamfanin, sun rarrabe mini albashin, sun ce inshorar ta haɗa da iyali amma ba za su biya kuɗin zamansu ba. Sai dai sun ƙara da cewa bizar da suke da ita a hannu yanzu ta teknishiyan ce, wai in shigo da ita domin a yi sauri, daga baya za su gyara sana'ar ta koma injiniya, albashin kuma ba zai canza ba. Injiniya, ko wannan abu ne da aka saba?

Injiniya Mai Dammam

An saba yin sa, amma ban ba ka shawarar ka yarda da baki kawai ba. Sana'ar da aka rubuta a biza ita ce za ta hau iƙama, ita ce kuma ake dubawa lokacin da ka nemi bizar zaman iyali, kuma da ita wani kamfani zai karɓe ka idan ka tashi sauya wurin aiki. Ban da haka, dokar ƙwadago ta hana a sa mutum aikin da ba shi ne a izinin aikinsa ba, don haka idan ka sa hannu a zane ko rahoto a matsayin injiniya alhali takardarka ta ce teknishiyan, kai da su duk kun saɓa. Gyaran sana'ar kuwa kamfani ne kaɗai yake iya nemansa, kuma bayan ka shigo babu abin da zai matsa musu su yi, musamman idan gurbin injiniyoyi baƙi da aka yarje musu ya cika, wanda sau da yawa shi ne ainihin dalilin irin wannan tayi.

Ka amsa musu cikin ladabi cewa za ka jira bizar injiniya ko da za ta ɗauki ƙarin watanni, tunda kana da aikinka a hannu kuma tantance takardunka ma zai ci lokaci. Idan sun dage, ka tambaye su lambar rajistar kasuwancinsu da matsayinsu a tsarin Nitaqat, ka kuma nemi su haɗa ka da wani injiniya baƙo da ke aiki da su yanzu, ka ji daga bakinsa sana'ar da ke kan iƙamarsa da kuma ranar da albashi yake shiga kowane wata.